Na Kwana Gidan Yahudawa a Kurudu

Tun da na dawo daga Abuja 'yan majalisarmu suka hana ni sakat. Kullum bayan la'asar sai wani ya gyara zama ya ce, "Malam Sani, wai da gaske ne ka kwana gidan Yahudawa?" In na fara ba da labari sai a kira magariba, gobe kuma wanda bai zo jiya ba ya ce a koma farko. Na gaji da komawa farko. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Suna ne ya kai ni. Autana Kabiru yana aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, matarsa ta haihu, ya kira ni a wayar hannun da ya saya mini ya ce lallai sai na zo. Uwargida ta haɗa mini kaya kamar za a buɗe kanti: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, man shanu, da zabi biyu a kwando. Na ce mata Abuja fa babban birni ne, akwai kasuwa. Ta ce kukarsu ta san ta, ƙasa ce aka rina.

A tashar Funtuwa na shiga wata doguwar fijo, aka cusa mu kamar goro a huhu. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar gayu mai ƙamshin turare. Ba mu kai Zariya ba daddawa ta fara gaisawa da jama'a. Hajiya ta toshe hanci da gyale ta ce, "Direba, wani abu ya mutu a motar nan." Na kawar da kai ina kallon gonaki, kamar ban taɓa jin sunan daddawa ba. Da muka tsaya cin abinci a Tafa na ga ta sayi tuwo da miyar kuka tana lashe yatsu, sai na ce, "Hajiya, abin da ya mutu ɗazu ne kike ci." Ta yi dariya har ta ƙware, daga nan muka shirya, ta ba ni lemo.

Iyakar Abuja ba a rubuta ta a ƙasa ba, amma za ka san ka iso, don shingen 'yan sanda ya fi na ko'ina yawa. Wajen Zuba wani dogon ɗan sanda ya leƙo ya nuna kwandona da baki ya ce, "Baba, wetin dey inside?" Na ce zabi ne. Bai yarda ba, ya ɗaga murfi, ɗaya ta yi fir ta tashi ta haye titi. Sai ga ɗan sanda da bindiga a kafaɗa yana bin zabuwa cikin ciyawa, direbanmu yana taya shi, fasinjoji suna ba da umarni daga cikin mota. Ba su kama ta ba. Ya dawo yana haki ya ce, "Sorry, Baba, ku tafi." Haka na shiga babban birnin ƙasa da zabuwa ɗaya.

Garin kuwa ko'ina gini ake yi, ko'ina ana haƙa, motoci sababbi fil kamar yau aka sauke su daga jirgi. Kabiru yana zaune a Lugbe, kan hanyar filin jirgin sama, a wani rukunin gidaje da kowace ƙofa ta yi kama da 'yar'uwarta. Rana ta farko da na dawo daga masallaci gidan wani na shiga, har na cire takalmi. Aka yi suna lafiya, aka raɗa wa yaro sunana, wanda shi ne abin da ya fi komai yi mini daɗi. Abin da ya dame ni ɗaya ne: mutanen Abuja ba sa zama a ƙofar gida. Kowa ya dawo aiki sai ya shige ya ja ƙyaure, in ka yi sallama a ce maka wa kake nema.

Abu na biyu da ya dame ni shi ne maƙwabcinmu. Bango ɗaya ya raba ɗakin da aka sauke ni da nasa. Kullum da sassafe sai in ji an danna fiyano sau ɗaya, sannan murya ta ɗauki waƙa cikin wani yare da ban sani ba. Muryar tana da daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma ba ta taɓa kai ƙarshen baiti ba. Da an kai tsakiya sai a tsaya, a sake danna fiyano, a koma farko. Ku kun san kafin in zama malamin firamare na yi shekaru ina amshi a bayan wani makaɗin noma a ƙauyenmu, don haka waƙar da aka yanke a tsakiya tana tsaya mini a wuya. Da abin ya ishe ni na je na ƙwanƙwasa.

Wani saurayin magidanci ya buɗe, da wata 'yar hula a tsakar kansa wadda ba ta fi murfin kofi ba. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, ina kwana? An tashi lafiya? Ya gajiyar suna?" Hausa tsaf, har da karin harshen Zazzagawa. Sunansa Obinna, Ibo ne, amma a Sabon Garin Zariya aka haife shi.

Na ce, "Ɗana, ba faɗa na zo yi ba. Roƙo na zo yi. Don Allah ka ƙarasa waƙar nan ko sau ɗaya, in ji inda ta dosa."

Ya yi dariya ya shigar da ni. Na tambaye shi ko waƙar coci ce, ya ce a'a, Ibraniyanci ne, su Yahudawa ne. Ni a sanina Bayahude farin mutum ne da ke can ƙetaren teku, sai a rediyo ake jin labarinsa. Ya ce akwai su cikin Ibo, suna da ɗan ɗakin ibada a Kurudu, can bayan Karu, ranar hutunsu Asabar.

Daga nan ya faɗa mini abin da ke cinsa. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Papa Nwankwo, shi ke ba da waƙa a wurin ibadarsu tun da aka kafa ta, jama'a suna amsawa. Yanzu tsufa ya cinye muryar, ya daina waƙa gaba ɗaya, sai dai ya zauna yana kallo. Dattawa suka ce a wannan Asabar ɗin za su gwada Obinna. In ya iya, ya gaji ubansa. In bai iya ba, su ba wani Mista Eze mai sayar da kayan gini, wanda ya daɗe yana so.

"Baba, ni kiɗa na karanta a jami'a," in ji shi. Ya jawo takardu masu layi-layi da ɗige-ɗige, kamar tsuntsaye sun jeru a kan wayar lantarki. "Na samo kaset daga waje, na ji yadda ake yin waƙoƙin nan daidai. Mutanenmu sun ɓata su. Suna tafi, suna gudu, suna hawa sama. Ina so in gyara."

Na ce, "Ka ajiye tsuntsayen nan. Waƙa daga ciki take fitowa. Ka buɗe baki kawai ka saki zuciyarka, jama'a za su bi ka."

Ya dube ni da ladabi irin na wanda bai yarda ba, ya ce to in zo mana in gani da idona ranar Juma'a, mahaifinsa ma zai ji daɗin samun wanda zai yi hirar Zariya da shi. Na ce ibadarku dai ba zan shiga ba, amma zan zauna a waje in saurara. Kabiru ya ce, "Baba, kai fa ba ka da dama." Na ce ai ba yau ka sani ba.

Asabar ɗinsu tana shiga ne daga faɗuwar rana ta Juma'a. Da ta shiga ba a hawa mota, ba a kunna wuta, ba a taɓa kayan kiɗa, ko kaya ba a ɗauka a hanya. Shirin Obinna shi ne mu isa da wuri, ya kafa fiyano ya koya wa jama'a sabon karin kafin rana ta faɗi. Matarsa Nkechi ta riga ta tafi tun safe don girki. Sai ogansa ya riƙe shi a ofis har bayan la'asar. Da muka fito muka faɗa go-sulon Nyanya, wanda duk mutumin Abuja ke ambata kamar sunan wata cuta. Mota ba ta gaba, ba ta baya. Masu tallar ruwa da gyaɗa suna wuce mu a ƙafa, su je su dawo su same mu inda suka bar mu. Obinna ba ya kallon hanya, rana yake kallo.

Da ƙyar muka kai Jikwoyi, rana ta yi ja ta kusa taɓa rufin gidaje. Ya karkatar da mota gaban wani mai faci Basakkwace ya ce, "Aboki, ka duba mini ita sai gobe da dare." Sannan ya zazzage aljihunsa, makulli da waya da alƙalami, duk ya zuba mini a aljihun babbar riga. Na ce fiyanon fa? Ya ce ko an kai shi yanzu ba mai taɓawa. Muka bar shi a but ɗin mota muka kama hanya a ƙafa. 'Yan acaɓa suna tsayawa suna cewa, "Alhaji, ina zuwa?" Da na ce a ƙafa za mu, wani ya ce, "Kun bar mota kuna tafiya a ƙasa? Allah ya ba ku lafiya." Aka kira magariba na tsaya a wani masallacin bakin hanya, Obinna ya tsaya yana gadin takalmina.

Kurudu rabi gari ce rabi gona. Gidajen bulo marasa shafe, a tsakaninsu masara ta yi tsayi. Ɗakin ibadar bai fi ajin firamare ba, yana manne da gidan Papa Nwankwo. Muka tarar jama'a sun cika suna jira, maza gefe, mata gefe, kamar dai a wurinmu. Wani tsoho siriri mai farin gemu ya fito da sanda ya kama hannuna da hannu biyu.

"Alhaji, sannu da zuwa! Mutumin ina?" Muryarsa a shaƙe take, sai ka matso.

Na ce Funtuwa. Ya ce, "Ka ce ƙauye. Ni na yi ɗinkin kwat a Zariya tun kana yawo ba wando." Nan take na san zan ji daɗin mutumin nan. Ya sa aka ajiye mini kujera a baranda, daidai taga.

Obinna ya tsaya a gaba yana zufa. Ba fiyano, ba a koya wa kowa komai ba, amma ya ƙudura sai ya yi yadda yake a kaset. Ya ɗauko waƙar can sama, a hankali, yana kaɗa hannu kamar ɗan sanda mai ba da hannu. Jama'a sun san kalmomin amma ba su san wannan karin ba. Suka yi ta laluben hanya. Wata tsohuwa ta gaji ta fara tafi don ta jawo waƙar zuwa inda ta saba, sauran mata suka bi ta. Sai Obinna ya ɗaga hannu ya tsayar da su, ya ce a sake. Aka sake, ya sake tsayar da su. Na uku ba wanda ya buɗe baki. Ya yi waƙarsa shi kaɗai daga farko har ƙarshe, kuma wallahi ta yi kyau, wannan ne karon farko da na ji ƙarshenta. Amma ban taɓa jin tausayin mawaƙi kamar ranar ba. Mai ba da waƙa ya bayar, ba wanda ya karɓa.

Mista Eze bai jira an kira shi ba. Ƙaton mutum ne mai faɗin ƙirji. Ya miƙe ya ɗauko waƙa ta gaba da ƙarfi yana buga benci, ɗaki ya ɗauka, tafi ya kaure. Na ce a raina, ka ga abin da nake faɗa wa yaron nan. Sai dai ba a jima ba na fara jin wani abu. Kowane baiti sai ya fi na baya tsayi da sauri. Maza suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, mata suna ƙiƙi-ƙiƙi kamar an shaƙe kaji, shi kansa Mista Eze jijiyoyin wuyansa sun tashi. Aka ƙare da tari. Wannan shi ne sakin zuciyar da na ba da shawara, kuma na ga inda yake kaiwa. Papa Nwankwo yana zaune a kujerarsa duk tsawon lokacin, leɓensa na motsi, ba abin da ke fita.

Wajen cin abinci na yi ta tafka ƙauyanci. Kowa ya wanke hannu da kofi, aka zauna. Ni kuma na fara hira, ina yaba wa Nkechi ƙamshin miya. Ba wanda ya tanka. Na tambayi Papa lafiyar ƙafarsa, ya dube ni ya kawar da kai. Na ce shi ke nan, na yi wani laifi. Ashe in sun wanke hannu ba sa magana sai an yi addu'a an gutsuri burodi. Da aka gutsura kowa ya fashe da dariyar da ya riƙe. Suka sha ruwan inabi, ni aka ba ni zoɓo. Abincin tun rana aka dafa aka zuba a kula, shinkafa da miyar ganye da naman kaza. Alade ba sa ci, tarwaɗa ma ba sa ci. Na ce miyar nan da an ɗiga mata man shanu da ta kai ƙarshe, akwai shi a Lugbe zan aiko. Nkechi ta dafe ƙirji. Su ba sa haɗa nama da abin da ya fito daga nono, ko a tukunya ɗaya.

Muna cikin ci aka ɗauke wuta. Ga janareto a bakin ƙofa, ba wanda ya motsa. Papa ya yi gyaran murya ya ce, "Kai, duhu ya yi yawa." Na ce gaskiya ya yi. Nkechi ta ce, "Ga mai kuwa cike a injin." Na ce madalla. Suka dubi juna. Papa ya ce, "Alhaji, a Zariya in aka yi duhu haka, akan samu wani mai hankali a cikin baƙi." Sai a lokacin na gane. Su ba za su kunna ba, kuma ba za su ce in kunna ba. Na tashi na ja igiya, wuta ta kawo, aka yi mini tafi kamar na ci zaɓe. Obinna kaɗai bai yi dariya ba. Abincinsa ma bai taɓa ba, don an ce dattawa za su yanke magana gobe bayan ibadar safe, kuma kowa ya san inda ta karkata.

Aka shimfiɗa mini katifa a ɗakin Papa, kusa da tsohon kekensa na ɗinki. Da asuba na fita baranda na yi salla. Ina zaune ina lazimi gari ya fara haske, sai tsohon ya fito da bargo ya zauna a gefena. Can sai na ji yana gunguni, waƙar jiya ce, amma can ƙasa, kamar ana jan turmi a tsakar gida. Ba tari, ba shaƙewa. Amshinta ba kalmomi ba ne, lai-lai-lai ne kawai, don haka da ya kai wurin sai bakina ya karɓa da kansa. Tsohon ɗan amshi ba ya jin an bayar ya yi shiru. Ya bayar, na karɓa, ya bayar, na karɓa, muna yi muna murmushi kamar yara sun saci rake.

"Papa, sake yi."

Obinna ne a bakin ƙofa, idanunsa sun nuna bai yi barcin kirki ba. Tsohon ya ce, "Rabu da ni, muryar ta mutu, wasa muke yi da Alhaji." Obinna ya durƙusa a gabansa ya ce don Allah ya sake. Ya sake. Yaron ya rufe ido yana bin sa a hankali, ya ɗan hau sama ya ce Papa ya biyo shi, ya biyo. Ya ƙara hawa, ya biyo. Ya ƙara, sai muryar ta tsage. Ya sauko, ta dawo. Ya yi ta auna ta haka kamar tela na auna kafaɗa, har ya gano daga inda ta fara zuwa inda ta tsaya.

"Papa, muryarka ba ta mutu ba," in ji shi. "Sauka ta yi. Mu ne muke ta hawa muka bar ka a ƙasa."

Ni da na yi shekaru ina amshi ban gane haka ba. Na ji daɗin gunguninsa kawai. Shi tsohon ma bai sani ba, ya ɗauka Allah ya karɓi abinsa. Sai da wanda ya yi karatun ya zo ya sa kunne.

Papa ya ce, "To in ka sauko, matan fa?" Obinna ya ce akwai wurin da zai ɗauki kowa, mata su bi ta sama, maza ta ƙasa, waƙa ɗaya ce. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Baba, tafin nan fa? Shi ke sa su gudu." Na ce ban san karatunku ba, amma maigidana makaɗi bai taɓa hana manoma ihu ba, gangarsa kawai yake riƙewa daram, duk wanda ya yi gaba ya dawo ya same ta. Ya ce shi ba shi da ganga. Na ce kana da ƙafa.

Da hantsi aka taru. Maza sun yafa fararen mayafai masu tuntaye a gefe. Na koma kujerata ta baranda, ina ji kamar ɗana ne za a yi wa jarrabawa. Aka yi karatu mai tsawo, sannan aka zo wurin waƙa. Obinna ya tsaya, hannayensa a ƙasa. Ya ɗauko waƙar da tsohon karinsu na gida, wanda jiya ya ce sun ɓata, amma ya ɗauko ta ƙasa sosai, har Mista Eze ya ɗaga gira. Tsohuwar jiya ta dube shi a tsorace, ta ɗan tafa sau ɗaya ta jira a hana ta. Ya gyaɗa mata kai. Tafi ya tashi.

Da aka yi nisa jini ya fara ɗumi, na ji Mista Eze yana jan waƙar sama, yana son a ruga. Obinna bai tsayar da kowa ba. Diddigensa kawai yake bugawa a siminti, ya ƙara wa muryarsa nauyi a inda take, ya ƙi motsawa. Suka ɗan yi gaba, suka waiwayo, suka dawo. Fuskarsa kuwa ta saki, yana rangaji, gumi na zuba, ba ka ce shi ne ɗan sandan jiya ba.

Sai wata murya ta shigo daga ƙasa. Na leƙa ta taga. Papa Nwankwo ya miƙe, ya jingine sandarsa a bango, yana waƙa da baki buɗe. Na kusa da shi suka fara rage murya don su tabbatar, shirun ya bi layi har gaba. Da aka zo sabon baiti Obinna ya rufe bakinsa. Tsohon ya bayar shi kaɗai, muryar na rawa amma ba ta karye ba. Ɗansa ne ya fara karɓa, sannan ɗaki duka ya ɗauka, har da Mista Eze, wanda ya fi kowa ƙara. Nkechi tana kuka tana tafi. Ni ma a baranda hawaye ne ya zubo mini, ban kuwa ji kunya ba, don na san zafin mutum ya zauna shiru ana waƙar da shi ya koya wa kowa.

Bayan an tashi dattawa suka zauna a inuwar mangwaro, suka ce in zauna tunda na zama ɗan gida. Obinna yana tsaye a gefe, hannu a baya. Suka yi ta magana da Ibo, Nkechi na raɗa mini fassara. Wani ya ce jiya yaron ya kunyata su. Wani ya ce yau fa? Mista Eze ya ce shi a ganinsa an yi ƙasa da yawa, bai samu ya buɗe ƙirji ba, amma dai yau bai yi tari ba. A ƙarshe babbansu ya juya ga Papa ya ce shi ne mai wurin, kuma shi ya fi kowa kunne, ya faɗi tsakaninsa da Allah yadda ya ji waƙar ɗansa yau.

Tsohon ya goge ido da gefen mayafinsa. Ya amsa musu da Ibo, sannan ya juyo ya maimaita mini da Hausa don kada a bar ni a baya.

"Na ce su tambayi wani, Alhaji. Ni ban ji shi ba. Waƙa nake yi."

Dattawan suka bushe da dariya, babbansu ya miƙe ya miƙa wa Obinna hannu, alamar ya gaji ubansa. Sai da aka taɓa shi sannan ya gani, don ya rufe fuskarsa da tafukansa yana kuka.

To, 'yan majalisa, kun ji abin da ya kwanar da ni a Kurudu. Duk wanda ya sake cewa in koma farko, shi zai sayi shayin ranar.